Sakatariyar Aljihu Da Bashin Gwaggo

Kwanakin baya ina kwashe tarkacen da ke cikin tsohuwar akwatin aurena, don ina so in ba babbar 'yata ta zuba kayanta, sai ga wata 'yar aba ta faɗo daga cikin wani tsohon ɗankwali. Yarinyar ta riga ni ɗauka, ta juya ta gaba ta juya ta baya, ta ce, "Umma, wannan wace irin waya ce, ba kyamara, ba wurin sa layi?" Na ce ba waya ba ce. Ta ce to rediyo ce? Na ce ba rediyo ba ce. Ta ce to me take yi? Wallahi sai na rasa ta inda zan fara. Na karɓe ta na zauna a bakin gado ina kallonta, don wannan abar da ba ta fi tafin hannu ba ta taɓa sa ni kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka kai ni ɗakin miji.

Tambayar yarinyar nan ce ta sa na shiga bin diddigin inda abar ta fito, kuma abin da na gano shi ne zan ba ku, haɗe da nawa labarin, don ɗaya ba ya fita sai da ɗayan.

Turawa suna kiran irin wannan na'ura PDA, ni kuwa sakatariyar aljihu nake ce mata, don aikinta ke nan. Tana riƙe miki sunayen mutane da lambobinsu, tana tuna miki ranar biki ko ranar awo, tana lissafi, kuma kina iya rubuta abin da ya zo miki a rai ki ajiye. Ba a kira da ita, ba a ɗaukar hoto. Tun a 1984 wani kamfani a Landan mai suna Psion ya fito da wata mai kama da kalkuleta, ana zare ta daga kube kamar wuƙa. Amma sunan PDA ɗin sai a watan Janairu na 1992 aka fara jin sa, daga bakin John Sculley, shugaban kamfanin Apple na lokacin, a wani taron baje kolin kayan lantarki a Las Vegas ta Amurka. Ya cika baki sosai, ya ce ga abin da zai canza duniya.

Da abin ya fito a 1993 da sunan Newton, kuɗinsa dala 699, ga girma ga nauyi, aljihun riga ba ya ɗauka. Babban abin da aka yi ta kuranta shi da shi wai ki yi rubutu da hannunki a fuskarsa ya karanta, ya mayar da shi kamar na keken rubutu. To a nan ɗin ne ya fi kunyata masu shi. Mutum ya rubuta wani abu, shi kuma ya fito da wani abu daban, har masu zanen barkwanci a jaridun Amurka suka samu abin yi. An ci gaba da gyara shi, na baya-bayan sun yi kyau ƙwarai, amma ai kun san yadda suna yake, idan ya ɓaci tun ranar suna da wuya a wanke. A 1998 Steve Jobs, da ya dawo kamfanin, ya rufe babin Newton gaba ɗaya.

A wannan shekara ta 1993 akwai wata da ta fito mai suna Zoomer, Casio ne suka ƙera, kuɗinta wajen dala 700, ita ma kasuwa ba ta karɓe ta ba. Cikin waɗanda suka yi mata aikin ciki akwai wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Palm, wanda wani injiniya Jeff Hawkins ya kafa a 1992. Wannan mutumin ne ya ba ni sha'awa a cikin labarin duka. Da suka faɗi, bai tsaya zargin masu saye ba. Suka bi mutanen ƙalilan da suka sayi Zoomer suna tambayarsu me suke yi da ita, sai suka tarar mafi yawansu suna da kwamfuta, kuma abin da suke so shi ne su ɗebo abin da ke cikin kwamfutar su sa a aljihu su fita. Daga nan ya gane cewa ba da kwamfuta yake kishi ba, da takarda yake kishi, da ɗan littafin nan na aljihu da kowa ke rubuta lambobi a ciki. Ki riƙe wannan maganar ta kwamfuta, 'yar uwa, za mu dawo kanta.

Sai ya shiga garejin gidansa ya yanko ɗan katako daidai aljihun rigarsa, ya manna masa takarda mai zanen madannai, ya fere tsinken cin abinci irin na mutanen Sin ya mayar da shi alƙalami. Ya daɗe yana yawo da katakon nan. Idan wani ya ce masa mu haɗu ranar Talata, sai ya zaro katako daga aljihu ya ɗan tsattsaga shi da tsinke, kamar mai duba ko yana da wani alkawari a ranar. Da a unguwarmu ne da tuni an fara neman masa rubutun sha. Shi kuwa gwaji yake yi: duk abin da ya ga hannunsa yana yawan nema a jikin katakon, shi za a sa a na'urar, wanda bai taɓa nema ba kuwa a bar shi. Ya gindaya sharuɗɗa, ta shiga aljihun riga, ta yi sauri, ta riƙa haɗuwa da kwamfuta ba wahala, kuma kada kuɗinta ya kai dala 300.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mace ce ke riƙe da ragamar kamfanin. Sunanta Donna Dubinsky, ta taɓa aiki a Apple, ita ce shugabar Palm, shi Hawkins yana wajen ƙira. Ita ce ta yi ta yawon neman masu zuba jari a lokacin da kowa ya ji an ce na'urar aljihu sai ya kau da kai, tunda an ga yadda Newton da Zoomer suka ƙare. A ƙarshe a 1995 suka sayar da kamfanin ga U.S. Robotics a kan dala miliyan 44, don su samu kuɗin fito da abin. A 1996 ta fito da sunan Pilot, ƙaramar dala 299, da ma'ajiya mai kilobait 128. Ke da ke riƙe da wayar zamani, hoto ɗaya na wayarki ba zai shiga cikinta ba ko an ninke shi goma. Amma cikin wata 18 an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga baya ma sai da masu biron nan na Pilot suka kai ƙara a kan sunan, aka cire shi, ta koma Palm kawai.

Yaya aka yi ta tsira daga abin da ya kashe Newton? Dabara ce mai sauƙi, har da ɗan rainin wayo a ciki. Maimakon na'ura ta koyi rubutunki, ke za ki koyi nata. Suka ƙirƙiro wasu haruffa da suka kira Graffiti, kusan kowanne da jan tsinke ɗaya ba ɗagawa. Harafin A kamar jinkar ɗaki ne, ba karan tsakiya. T kamar lamba 7. Idan kina son tazara ki ja layi zuwa dama, idan gogewa za ki yi ki ja zuwa hagu. Akwai ɗan fili a ƙasan fuskar, haruffa a ɓangaren hagu, lambobi a dama. Sannan kowace na zuwa da 'yar kujerarta mai igiya da ake haɗawa da kwamfuta. Ki dawo gida ki ɗora ta a kai, ki danna madanni ɗaya, duk abin da ke cikinta ya shiga kwamfuta, na kwamfuta ya shigo cikinta. Kamar dai 'yar talla da ke dawowa da yamma ta zauna gaban uwar ɗakinta ta zube ciniki a ƙirga.

Da farko kayan manya ne, 'yan kasuwa da lauyoyi da likitoci, waɗanda har littafin magunguna suke zubawa a ciki. Masu arha sun zo ne da aka fara rigima da gasa. A 1998 Hawkins da Dubinsky da abokin aikinsu Ed Colligan suka bar Palm, wanda a lokacin ya koma hannun 3Com, suka kafa Handspring. A 1999 suka fito da Visor, kuma mafi arha a cikinsu, ta dala 149, an sayar da ita ne ba tare da 'yar kujerar ba, mai so ya saya daban. Palm suka mayar da martani a watan Agusta na 2000 da m100, ita ma dala 149, megabait 2, ana canza mata murfin fuska kala-kala kamar yadda muke canza ɗankwali. A watan Maris na wannan shekarar ne aka fara sayar da hannun jarin Palm, ranar farko darajar kamfanin ta haura dala biliyan 50, har ta fi ta 3Com da ke mallakarsa. Ba a yi shekara biyu ba darajar ta zube, kaya suka yi musu kwantai a sito.

Cikin wannan halin ne a watan Oktoba na 2002 suka fito da Zire, fara sol, dala 99. Don a kai ga wannan kuɗin sai da aka rage mata abubuwa da yawa: ba fitilar fuska, madannan da ke buɗe ayyuka biyu ne maimakon huɗu, ma'ajiya megabait 2 a lokacin da manyan ke da 16. Masana suka yi ta yi mata dariya, mutane kuwa suka yi ta saye, ta haura miliyan ɗaya kafin ta cika shekara, kuma akasarin masu sayenta ba su taɓa riƙe irinta ba: ɗalibai, iyaye mata masu lissafin makarantar yara da cefane. Amma fa arha a can ba arha ba ce a nan. A lokacin dala tana wajen naira 120, kin ga dala 99 ta kusa naira 12,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnatin tarayya naira 7,500 ne. Shi ya sa irin waɗannan ba su iso hannun irinmu ba sai da suka tsufa a can, suka zo cikin kayan gwanjo.

Tawa ta zo hannuna a 2006, ina amarya ban cika ashirin ba. Yayana da ke aiki a Legas ne ya zo da ita, ya ce, "Ungo, ke da ba kya rabo da rubuce-rubuce." Kamfanoni da dama sun ƙera masu aiki da wannan tsarin, tawa kuwa ta sha hannu har sunan da ke goshinta ya goge, fuskarta da 'yan zane-zane, tsinkenta ma ba nata ba ne na asali. Batir biyu take ci, 'yan sirara irin na rimot, kuma suna kai ta makonni. Kun ga ke nan ba ruwanta da ko an kawo wuta ko an ɗauke. Ya nuna mini yadda ake komai, sannan ya ja kunnena a kan abu biyu: idan zan canza batir in yi sauri kada in wuce minti ɗaya, kuma kada in bari batir ya mutu a ciki. Na ce to. Irin "to" ɗin nan da muke cewa alhali hankalinmu yana kan sabon abu.

Sai kun san gidan da nake sannan za ku gane abin da ya sa na ƙwallafa rai a kanta. Gidan yawa ne a cikin birni, ga surukata, ga matan yayyen maigida, ga ƙannensa 'yan mata uku. Tun ina sakandare nake rubuta labarai a littafin makaranta mai shafi sittin. Wata rana na fito daga wanka sai na ji ana ta shewa a tsakar gida, ashe ƙannen maigidan ne suka ɗauko littafina a ƙarƙashin filo, ɗaya tana karantawa da ƙarfi tana kwaikwayon muryar saurayi, sauran suna tafi. Surukata ba ta ce komai ba, amma da dare maigida ya tambaye ni, cikin wasa wai, shi wannan saurayin mai dogon hanci a ina na san shi. Daga ranar ban ƙara rubuta ko layi ɗaya a takarda a gidan ba.

To sai ga aba mai kalmar sirri. Ki kulle ta, ko wa ya ɗauka sai dai ya yi ta juyawa. Akwai wani wasa a ciki da haruffa ke faɗowa daga sama, ke kuma ki rubuta su kafin su iso ƙasa, da shi na koyi rubutunta cikin kwana uku. Idan dare ya yi an ɗauke wuta, maigida ya yi barci, sai in danne madannin kunnawa fuskar ta kawo wani ɗan haske kore-kore, in ja zane in rufe kaina in yi ta rubutu har wuyana ya ƙage. Matsalarta ba ta san Hausa ba, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, sai ki rubuta ƙasa ta fito kasa, ki rubuta ɓari ta fito bari, in kin dawo karantawa ki yi ta canka. Kuma kowane shafin rubutu ba ya ɗaukar fiye da haruffa 4,096, yana cika sai ta tsaya cak, ko da kuwa amarya tana tsakiyar kuka ne, sai kin buɗe sabo. Haka na tara shafuka arba'in da 'yan kai na littafina na farko.

Ana nan sai Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta ce zaman banza bai kamace ni ba. Ita tana saro atamfa da leshi da mayafai a Kantin Kwari, sai ta riƙa aiko mini in sayar wa matan unguwa, su biya kaɗan-kaɗan. Gwaggo ba ta yi boko ba, lissafinta duk a ka yake, kuma ban taɓa jin ta yi kuskuren sisi ba. Da ta ga ina tsattsaga aba da tsinke sai ta ce, "Ke dai 'yar nan Allah Ya shirye ki, kai na gare ki kina ba ƙarfe ajiya." Amma ita ce kuma daga baya take gaya wa mutane 'yar ƙaninta da kwamfuta take ciniki. Mata suka fara ce mini mai kwamfuta. Kowace na buɗe mata shafinta: ranar da ta ɗauka, abin da ta ɗauka, abin da ta kawo, abin da ya rage. Wadda ta kawo ɗari biyu in rubuta a gabanta, in juya mata fuskar ta gani ko da ba ta iya karatu ba. Gardama ta ƙare. Ni kuwa, tunda na samu mai riƙe mini, sai na daina riƙewa.

A 2007 cikina ya shiga wata bakwai aka zo aka tafi da ni gida goyon ciki. Na ɗauke ta zan sa a jaka, sai na tuna ƙannena maza da ba sa barin komai da rai, na fasa, na naɗe ta a ɗankwali na sa a ƙasan kwalla. Na ce wa matan su dakata da biya sai na dawo. Haihuwar ta zo da wahala, aka yi wankan jego aka gama arba'in Inna ta ce ban yi ƙwari ba, sai da na shafe wata biyar cur a gida.

Ranar da na dawo, bayan 'yan barka da dawowa sun watse, na buɗe kwalla na danna. Shiru. Ban damu ba, na aika yaro ya sayo batir, na sa. Ta farka kuwa, amma sai ta nuna mini wata 'yar alama a kusurwa wai in taɓa da tsinke, sannan wata, sannan ta tambaye ni yau wace rana ce, kamar baƙuwar da ba ta taɓa ganina ba. Na buɗe wajen sunaye, ba kowa. Na buɗe wajen rubutu, ba shafi arba'in, ba shafin kowa. Na cire batir na mayar ya fi sau goma. Jaririya tana kuka, ni ina kuka.

Sai yanzu na fahimci abin da ya faru. Irin ma'ajiyar da na'urorin wancan zamani ke da ita ba kamar rubutu a takarda ba ce, kamar garwashi ce da aka rufe da toka. Ko kin kashe na'urar tana ɗan shan batir a hankali don kada garwashin ya mutu, ranar da batir ya ƙare ƙurmus kuwa sai toka. Masu ƙirar ba su ɓoye wannan ba, yana cikin littafin bayaninta, kuma a wajensu ba abin tashin hankali ba ne, tunda sun gina ta ne a kan cewa akwai kwamfuta a gida. A shekarar 2000 rabin gidajen Amurka suna da ita. Ba'amurkiyar da batirinta ya mutu sai ta yi tsaki, ta ɗora ta a kujera ta danna madanni, komai ya dawo. Ni kuwa 'yar tallata ba ta da uwar ɗakin da za ta koma wa. Da na kira Yaya ina kuka ya ce ai mai sayarwar ya nuna masa kujerar, shi ne ya ce a bar ta, tunda ba mu da abin da za a haɗa ta da shi. Ban ga laifinsa ba, kuma ya ja mini kunne ban ji ba. Laifina ne, da littafin naira ashirin na saya na riƙa kwafewa duk Juma'a da ba a yi haka ba.

Mata 26 ne ke da bashi. Gwaggo ta san jimillar abin da take bi na, naira 83,500, amma wa ke riƙe da nawa, wannan ya tafi da garwashi. Na ɗauki goyo na tafi gidanta na durƙusa na gaya mata. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta yi shiru tana ɓare goro, can ta ce, "Wa kika gaya wa?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To kada ki gaya wa kowa. Abar tana kunnuwa?" Na ce tana kunnuwa, amma ba komai a ciki. Ta ce, "Su sun san ba komai? Ki ɗauki abarki ki shiga gida-gida, ki zaro tsinkenki ki duba kamar yadda kika saba, ki ce, Hajiya, nawa ma kika ce ya rage, in ga ko ya yi daidai da nawa?"

Haka na yi, 'yan uwa, ba zan ɓoye muku ba. Na yi sati ina yawo da aba fanko, ina tsattsaga fuskar da ba komai a kai, ina gyaɗa kai. Da na karanta labarin Hawkins da katakonsa kwanan nan sai da na ajiye waya na yi dariya har da hawaye. Kuma dabarar ta ci. Mace ta kalli abar, ta kalle ni, ta ce, "Ai dubu biyu da ɗari uku ne, ko ba haka ta nuna ba?" In ce haka ne, in rubuta. Wata ma da ta faɗa sai ta yi sauri ta gyara, ta ƙara ɗari biyar, ta ce kada ƙarfe ya ƙaryata ta.

A gida na goma sha ɗaya na kasa. Wata dattijuwa ce mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta ɗauki atamfa biyu don auren jikarta. Na yi mata tambayar, sai ta ce, "Ke za ki gaya mini, 'yata, ni na manta, duk abin da abar nan ta ce shi ne." Ta zuba mini ido tana jira. Da na ce dubu biyar da ta yarda, da na ce dubu ɗaya da ta yarda. Sai na ji tsinken ya yi mini nauyi a hannu. Na ajiye na ce, "Baba, wallahi ba komai a ciki, duk ya goge." Ta ce, "Ash!" Ta tashi ta ɗaga labulen ƙofarta, ashe a bayan ƙyaure tana jan layi da gawayi duk ranar da ta ba ni ɗari biyu, ba don ba ta yarda da ni ba, wai don ta riƙa ganin tana ragewa. Muka ƙirga tare, layi goma sha huɗu.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Gwaggo ta aiko a ce mini ni dai ba zan yi kasuwa ba. Cikin sha biyar ɗin da suka rage, mafi yawa sun faɗi abin da zuciyata ta kwanta da shi, biyu ma da kansu suka zo. Uku suka ce sun gama biya tun kafin in tafi. Ɗaya daga cikinsu na tuna sarai leshi ta ɗauka ana saura kwana huɗu in tafi, amma da me zan kama ta? Har yau muna gaisawa. Da aka haɗa komai aka samu giɓin naira 11,200, na cire 'yan kunnen da aka sa mini a lefe na ba Yaya ya sayar, na cika wa Gwaggo kuɗinta. Ta karɓa ta ƙirga, ba ta rage ko naira ba, bayan kwana biyu kuma ta aiko wa jaririyar da turmin atamfa.

Littafin kuwa sai bayan shekara biyu na sake rubuta shi, a takarda, kuma shi ne na fara bugawa da kuɗina. Waɗanda suka karanta sun ce ya yi daɗi. Amma akwai wani wuri da uwa ke yi wa 'yarta magana a daren da za a kai ta, na rubuta shi ne a ƙarƙashin zane ina da ciki wata biyar, na san ya fi wanda ke cikin littafin, na yi ta nemansa a kaina bai dawo ba.

Abin haushin, ashe a lokacin da nake wannan kukan an riga an magance matsalar a can. Tun 2004 Palm suka fara sa irin ma'ajiyar da ba ta gogewa ko batir ya mutu, a 2005 kuma suka sa ta a ƙaramarsu mai arha, Z22, mai fuska mai kala, ita ma dala 99. Sai dai ta zo a makare, tana cikin na ƙarshe da suka yi. Waya ta riga ta haɗiye aikin. Mu nan tun da wayar salula ta shigo a 2001 kowa ya fara zuba lambobinsa a Nokia, a can kuma iPhone ta fito a 2007, shekarar da na haihu. A 2010 kamfanin HP ya sayi Palm a kan dala biliyan 1.2, a 2011 ya daina ƙera kayan.

Da na gama ba 'yata labarin nan sai ta tashi ta ciro batir daga rimot ɗin talabijin ta sa mata. Na ce ba za ta tashi ba. Ta tashi. Yarinyar ta yi ta shafa fuskar da yatsa tana jira ta motsa, sai da na miƙa mata tsinken. Da ta zo wajen sa kwanan wata ta yi ta danna shekara tana gaba, don ta ga iyakarta, sai ta tsaya a 2031 ta ƙi wucewa, kalandar tsarin nasu a nan ta ƙare. Ta ce, "Umma, in rubuta sunana a ciki?" Na ce ta rubuta, amma ta mayar da batirin rimot kafin babanta ya dawo kallon labarai.